Gashin lantarki bayan raunin laka: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Likita, maigidana ya samu rauni a lakar baya wata 7 da suka wuce, kuma ƙafafunsa sai tsotsewa suke yi. An ba mu shawarar gashin lantarki. Shin zai sa ya miƙe ya yi tafiya?

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Wannan gashi ba ya ɗinke lakar da ta yi rauni, domin a kan tsoka yake aiki. Ga mai lafiya, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta cikin laka zuwa jijiyoyi, su kuma su motsa tsoka. Idan hanyar ta yanke, sau da yawa jijiyoyin da ke ƙasa da raunin suna nan da ransu, umarni ne kawai ba ya isa gare su. Sai a manna 'yan faifai masu danƙo a fatar cinya, na'ura ta riƙa tura lantarki kaɗan-kaɗan, ki ga tsokar ta ɗaure, ƙafar ta ɗaga, bayan 'yan daƙiƙoƙi kuma ta saki. Akwai ma keke na musamman wanda na'urar ke kunna tsokoki bi da bi har ƙafafun su riƙa juya feda.

Idan aka dage sau 3 ko fiye a mako, cikin 'yan watanni tsoka takan ciko, jini ya ƙara gudana a ƙafafu, kuma wasu sukan ji sauƙin ƙandarewar da ke damunsu. Sai dai ba kowane rauni ne ke karɓar gashin ba. Idan abin ya faru a can ƙasan baya ne, inda jijiyoyin kansu suka lalace, ƙafa takan saki gaba ɗaya, kuma na'urar da aka saba da ita ba za ta motsa ta ba. Gwajin likitan gashi ne zai raba gardama.

Wataƙila kin ji labarin mutumin da ya miƙe tsaye a Amurka a 2011, ko waɗanda suka taka da abin dogarawa a Suwizalan a 2018. Waɗancan tiyata aka yi musu aka dasa na'ura a kan lakar kanta, ƙarƙashin bincike, kuma daban ne da gashin da ake yi ta saman fata.

Tambaya: Shekarata 4 a keken guragu, kuma hoto ya nuna ƙashina ya yi laushi. Lantarki zai dawo da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan sai an yi taka-tsantsan. Ƙashi yana riƙe ƙarfinsa ne saboda nauyin da yake ɗauka da jan da tsoka ke yi masa, shi ya sa da zarar an daina tsayuwa yake zaizayewa cikin sauri, musamman a shekara 2 na farko, kuma inda abin ya fi tsanani shi ne sama da ƙasan gwiwa. Mutum yakan karye a wurin yayin da ake sauke shi daga gado kawai, har ma bai sani ba sai an ga kumburi.

Tsoka tana saurin amsa gashi, amma ƙashi yana da nawa. Inda aka ga ya ƙaru, an shafe watanni masu yawa ana aiki mai nauyi, ƙarin ya tsaya a daidai wurin da tsokar ke ja, kuma yakan zube idan aka daina. A ganina, wanda ya fara da wuri don rage asara ya fi cin moriya. Kai da ka jima, kada ka fara sai an auna ƙarfin ƙashinka, domin ja mai ƙarfi yana iya karya ƙashin da ya yi laushi. A duba maka sinadarin bitamin D ma.

Tambaya: Ɗana yana yin gashin a gida, amma wani lokaci kansa yakan sara, gumi ya karyo masa. Mu ci gaba?

Amsa: Baba, ku dakata har likita ya gan shi. Ga wanda rauninsa yake daga gaɓar da ake kira T6 zuwa sama, wato wajen tsakiyar ƙirji, duk abin da ya takura jiki a ƙasa da raunin yana iya sa jini ya hau farat ɗaya, wanda zai iya zama dalilin ciwon kan da gumin, kuma wannan yana da haɗari. Idan ya sake faruwa, ku kashe na'urar, ku zaunar da shi a miƙe, ku sassauta tufafinsa, ku duba ko robar fitsari ta toshe. Idan ciwon kan bai lafa ba cikin 'yan mintuna, ku garzaya asibiti.

Tunda ba ya jin zafi, ku riƙa duba fatar bayan kowane gashi, domin jan da ya ƙi ɓacewa alamar ƙuna ce. Ba a manna faifan a kan gyambo ko ƙafar da jini ya daskare a cikinta, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ba ya yin gashin sai da izinin likitan zuciyarsa.