Biyan na'ura ta yi hayaniya don toshe kunnen mai satar sauraro

Tambayarka ita ce ko akwai riba ka biya wata na'ura ta riƙa watsa hayaniyar rediyo lokacin da kake aika saƙo ɗaya ga rukunin mutane ta iska, don mai satar sauraro ya tashi a tutar babu. Akwai riba, matuƙar hayaniyar ta fi cutar da shi a kan mutanenka. Tun 1975 masanin ilimin sadarwa Aaron Wyner ya nuna cewa yawan sirrin da za ka iya isarwa ya dogara ne da ratar da ke tsakanin ingancin layin mai karɓa na halal da na ɓarawon. Wannan ratar kake saye.

Sai dai ka lura da wanda siginarsa ta fi rauni a rukunin, don shi ke ƙayyade saurin saƙon kowa. Na sha gani a gwaji: na'urar hayaniya na kusa da mutum ɗaya, duk rukunin ya durƙushe. Cinikin kuwa irin wanda masana tattalin arziki ke kira na Stackelberg ne, wato ɗaya ya fara yanke shawara, ɗayan kuma ya duba ya yanke tasa. Mai na'ura ke fara yanka farashin kowane watt (ma'aunin ƙarfin hayaniyar), kai kuma ka zaɓi adadin da za ka saya, in ya tsawwala ka rage, shi ma ya yi asara. Ka daina ƙara saye da zarar ƙarin sirrin bai kai kuɗinsa ba.