Amsa: Yadda za ka kimanta jif ɗin hannu kafin ka taya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kilomitar da jif ta ci ta isa a yanke mata kuɗi. A'a, mita ana juya ta.

Shiga ƙarƙashinta da tocila tukuna. Tsatsar da ta cinye shasi, ko walda kusa da inda sifirin ke kamawa, ta kashe cinikin. Kwance kusar man aksul: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Sannan ka sa 4H da 4L, wato giyoyin da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, a kan turɓaya, ba kwalta ba. In ta ƙi shiga, gyaran da tsada. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya.

Lambar shasi ta dace da takardu. Duba farashin irinta uku da aka ƙera shekara ɗaya da ita, cire kuɗin gyaran da makanikinka ya lissafa, nan za ka taya.