Ku tambayi Tanti: Ingilishin da ke wuyan riga

Tanti, zan fara saro kayan sawa daga Kantin Kwari a Kano, wasu kuma ta waya daga Dubai. Faransanci na yi a lakwal. In biya kuɗin koyon Ingilishi na wata shida? Wani matashi, Tawa.

Ɗana, zuba kuɗin nan a jari. A Kwari da Hausa za ka yi ciniki. Na Dubai kuma kalmomi kaɗan ne, ɗalibin lise zai koya maka su a zama biyu. Ka dai kiyaye da wando. A Ingilishi kullum jam'i ne, a pair of trousers wando ɗaya ke nan, kada ka ga pair ka yi lissafin biyu. Pants a Amurka wando ne, a Ingila kamfai, saboda haka kar ka tura ko dala sai ka ga hoto. Takalmin da muke kira lamba 42, a Ingila 8 ne.

Tanti, aurena bayan Babbar Salla. Mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta ta saya mini shadda a Babbar Kasuwa, an ce auduga ce zalla. Ko awa ɗaya ban yi da ita ba zufa ta jiƙe ni. A jikin takardar an rubuta cotton feel. Na kasa faɗa mata. Wata amarya, Bukoki, Yamai.

'Yata, share hawayenki. Ba laifinki ba ne, ba kuma na gyatumarki ba. Cotton auduga ce, gaskiya, amma feel ɗin da ke biye da ita cewa take yi a hannu kawai ya yi kama da auduga. Kayan roba aka sayar muku, shi ya sa ba ya shan zufa.

Wannan abin yana ci mini rai, ku bar ni in faɗa. Masu jabu sun san idonmu a kan babbar kalma yake tsayawa, sai su ɓoye cutar a 'yar ƙaramar da ke gefenta. Silk siliki ne, silky santsi kawai. Leather fata ce, PU leather kuwa roba ce da za ta fara ɓarewa kafin damina. Cotton blend gauraye ne, mai yiwuwa robar ta fi yawa. Designed in Italy ba ya nufin can aka ɗinka, layin Made in za ku nema. Abin da ya kamata ku gani shi ne 100% cotton, shi ma a ƙasar da zafin Afrilu ke haura 40 ban yarda da takarda ita kaɗai ba, don wanda ya iya buga yadi ya iya buga takarda. Ku zare zare ɗaya daga bakin yadin ku kyasta masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi ta dunƙule, baƙa ƙirin, da tauri.

Haka manyan sunaye. Shaddar Getzner a Ostiriya ake saƙa ta, atamfar Vlisco a Holan ake buga ta, da lambar zanen a bakin turmin, kuma launin ciki da na waje duk ɗaya. In aka miƙo muku ita a rabin kuɗin da kuka sani, ku ajiye ku wuce. Araha ba ta ado. Masu haɗa lefe su suka fi faɗawa ramin nan, don ana son akwati ya cika a gaban dangi. Turmi uku na gaske sun fi goma da za su koɗe a wanki biyu.

Ke kuma 'yata, faɗa wa yayarki ko gwaggonki tukuna, ku koma shagon tare da takardar da sauran yadin in akwai. A yi magana a hankali, mai shago da yawa shi ma cutarsa aka yi. In an ƙi musanyawa, ajiye ta sai lokacin ɗari, za ta sawu.

Tanti, rigar XL ta fi L inganci? Wani, Wadata.

Malam, girma ne. S ƙarama, M matsakaiciya, L babba, XL ta fi ta. Kuma XL ɗin China sau da yawa ba ya kai na Amurka, ka gwada a jikinka kafin ka biya.