Mai sayar da gwanjo da kayan da suka ƙi sayuwa

Wata baiwar Allah daga Tudun Wadan Zariya ta aiko da tambaya. Tana sayar da gwanjo a ƙofar gida, kuma duk dilar da ta fasa sai ta tarar da kaya masu yawa da ba sa sayuwa, wani ya yage, wani zif ɗinsa ya mutu. Tana da keken ɗinki na ƙafa da take gyara kayan 'ya'yanta da shi. Tana so ta sani ko ya dace ta ci bashin naira 200,000 ta sayi keke mai aiki da lantarki, ta mayar da gyaran sana'a.

Malama, gyaran sana'a ce, amma bashin ban goyi bayansa ba. Jarinki yana cikin buhun kayan da suka ƙi sayuwa da kika jingine a bayan ƙofa, domin kin riga kin biya kuɗin waɗannan kaya tun ranar da kika sayi dilar, kuma duk wanda kika zubar ko kika sayar a wulaƙance asara ce da kika ɗauka da hannunki. Keken lantarki kuwa sai da wuta yake aiki, in babu sai janareto, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai yake cinye ribar masu ƙananan sana'o'i. Keken ƙafa ya isa ya yi faci, ya sa zif, ya rage ƙugun wando.

Inda nake so ki natsu shi ne lissafin lokaci, domin a nan masu aikin hannu suka fi cutar kansu. A ce siket ya faɗo miki a kan naira 600 cikin dila, kuma da mataccen zif ba wanda zai taya shi sama da 300. Idan kika sa masa sabon zif na 200 cikin minti 20, kika sayar da shi 1,500, wannan aiki ya biya ki. Haka rigar maza da wuyanta ya goge: a warware wuyan, a juya shi, a mayar, sai ta koma kamar ba a taɓa sa ta ba. Wandon jins da gwiwarsa ta fashe a yanke shi ya zama gajeren wando, ƙafafun da suka rage a ɗinke su jakar makarantar yara. Amma haɗa ƙananan ƙyallaye a yi babban zanen gado na iya cin kwana biyu, kuma da wuya mai saye ya biya kuɗin kwana biyu, komai kyansa. Irin wannan ki bar shi sai an ba ki aikinsa, an kuma biya kafin alƙalami.

Ƙyallen faci ba sai kin saya ba. Telolin Sabon Gari da na cikin birni suna share guntayen atamfa da shadda, musamman gab da sallah, yawanci a ƙone su ko su ƙare a kwata, kuma idan kika yi magana da biyu ko uku za su riƙa tara miki. Kasuwa kuma tana kusa: ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo suna neman kaya masu sauƙin kuɗi, suna kuma neman mai rage musu tsawo ko faɗi.

Kada ki ɓoye wa mai saye cewa an gyara kayan. Addini ya hana ɓoye aibin haja, kuma wanda ya ga tsabtar facinki da idonsa shi ne zai kawo miki nasa gobe.

Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kowane gyara ya ci na zare da zif da lokaci, da kuɗin da kika sayar da kayan, ki kuma ware kuɗin daga na cefane. Bayan wata 3 ki duba. Idan aiki ya fi ƙarfin keken ƙafarki har kina mayar da mutane, sai ki shiga adashi da ribar, ki sayi sabon keken ranar da kika kwasa.