Bokis ɗin da ya yi ja bayan aski

Sani, jiya a mota ka yi mini tambaya, hayaniyar hanya ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce dunƙulallun bokis huɗun nan, wato itacen ado mai ƙananan ganye da ake askewa a ba shi siffa, na ƙofar gidan tsohuwar da muke yi wa aikin lambu, waɗanda ka yi wa aski makon jiya, samansu ya yi ja kamar an babbaka, kana so ka koma ka datse jan. Ajiye almakashin tukuna.

Hannunka a Kaduna ya koyi aiki, a kan duranta, shukar nan da ake shingen ado da ita, kuma duranta ta sangarta mu duka. In damina ta sauka, mako biyu ko uku ka dawo ka tarar ta tara suma, ko ƙwal-kwabo ka yi mata sai ta toho. Bokis na nan Ingila ba haka yake ba. In ya yi ƙoƙari a shekara ya ƙara santimita 10 zuwa 15, ɗan gajeren nan da ake jerawa a bakin hanya ma bai kai haka ba. Ɓarnar minti biyar sai ka shekara biyu kana kallonta.

Zatona rana ce ta ƙone su. Ranar da ka yi askin rana ta take, ganyen da ke ciki kuwa a inuwa ya girma, ka tone masa asiri da tsakar rana. Shi ya sa nake jiran ranar lumshi. Lokacin askin bokis farkon Yuni ne, bayan sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce. Tsofaffin gadinan Turawa da ranar sukuwar dawakin Dabi suke auna shi. In da buƙata a ƙara shafa masa almakashi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, daga nan a ƙyale shi, don tohon da ya fito a makare sanyi ne zai cinye shi. In ƙunar rana ce kawai, ba abin tashin hankali ba ne, sabon ganye zai rufe ta.

Amma kada ka tsaya a kan zatona. Je ka durƙusa, ka sa hannu biyu ka buɗe cikinsa ka duba.

In ka ga yana kamar ta gizo-gizo ta haɗa ganye da ganye, da ɗan kashi ƙanana, to tsutsa ce. Koriya ce mai ratsin baƙi da baƙin kai. Daga gabashin Asiya ta fito, a 2011 aka fara samunta a lambunan gidaje a ƙasar nan, yanzu kuwa ta addabi Landan da kewaye. Daga ciki take fara ci, shi ya sa mai gida ba ya farga sai ta gama da ganye ta koma gaigayar ɓawo. Itace huɗu ba yawa ne da su ba, tsince ta da hannu, ka riƙa dawowa kowane mako har sanyi ya shigo, don ba sau ɗaya take ƙyanƙyasa a shekara ba.

Wadda nake tsoro ita ce cutar ruɓar ganye, da ta bayyana a nan tun wajen tsakiyar shekarun 1990. Alamarta tabo mai duhu a ganye, da baƙin zane a jikin ɗanyen reshe, sai ganye ya yi ta zuba ya bar wuri tsirara. Laima take so da rashin iska, kuma mu gadina mu ne manyan masu yaɗa ta, a bakin almakashi daga wannan gida zuwa wancan. In ita ce, a ranar da ba ruwa za mu yanke wurin har mu wuce inda ya kamu, mu kwashe ganyen da ya zuba tas, mu ɗaure a leda. Kada ka zuba shi a ramin taki. Almakashi kuma a goge da sifirit kafin ya taɓa na gaba.

Na kuma lura da yadda kake ban ruwa, kana ɗaga tiyo sama kana yi wa itace wanka. Daina. A gindi ake zubawa, a jiƙa sosai, sannan a bari ƙasa ta sha iska. Saiwarsa a sama-sama take, don haka ban da fartanya kusa da shi. Cire ciyawa da hannu, ka shimfiɗa ruɓaɓɓen taki kaurin yatsa uku, kada ya manne da kara. Wajen aski kuwa, ka bar ƙasan ya ɗan fi sama faɗi don rana ta kai ga ganyen gindi, lokaci-lokaci ka zare reshe biyu uku daga ciki iska ta ratsa. Na san tsohuwa tana son ta gan shi cunkus kamar ƙwallo, amma cunkoson nan shi ke riƙe laima.

Af, ganyensa guba ne ga dabba, in da a gida ne da na ce kada ka kai wa awaki. Nan karenta za ka kula da shi.

Ranar Asabar zan biyo mu buɗe su tare. Ka taho da sifirit, da tsohon zanen gado da za mu shimfiɗa a gindi ya tare abin da ya zuba.