Ni ma na ga ta kaina a kan zakara a Rijiyar Zaki

Salamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. 'Yar'uwa mai tambaya daga Sheka, wallahi ina karanta saƙonki sai na ji kamar ni na rubuta shi. Kin ce zakaranki yana fara cara tun wajen ƙarfe 3 na dare, matar maƙwabci ta aiko yaro har sau biyu, kina tambaya ko akwai maganin da ke hana zakara cara, ko kuwa yankawa kawai za ki yi. To, magani dai babu. Duk wanda ya ce zai haɗa miki wani abu ki zuba a ruwan sha, kuɗinki zai ci, ƙila ma ya kashe miki shi. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, balle ƙullin magani.

Nawa zakaran ja ne, na Hausa, mai dogon bindi. Innarmu ce ta ba ni shi a zuwana na ƙarshe ƙauyenmu can wajen Bichi, wata biyu kafin Allah ya yi mata rasuwa. Da hannunta ta ɗaure masa ƙafa da tsumman zani ta miƙo mini ta tagar mota. Kin ga kuwa ba kaza ba ce kawai a wurina.

Gidanmu irin na awon igiya ne, rabin fuloti, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta, in aka yi tari can ana ji nan. Na gina akurki a lungun bayan kicin, ban taɓa lura ba ashe daidai ƙarƙashin tagar ɗakin kwanansu yake. Wannan kam laifina ne, na yarda. Ga shi lokacin zafin Afrilu ne, ba wuta, kowa ya buɗe taga ko ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Amma matar maƙwabcin nawa, baiwar Allahn nan, ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini komai ba. Kullum muna gaisawa. Turmina take ara, rariyata take ara, da yaronta ya yi zazzaɓi ni na aika mata ƙwai guda 6 a kwano. Kawai ran nan bayan sallar Magariba, a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, aka ce wa maigidana mai unguwa na son ganinsa. Mutumin da shekara 11 yana unguwar ko musu bai taɓa yi da kowa ba. Ya shigo gida, na ajiye masa tuwo, ko buɗe kwanon bai yi ba. Can ya ɗago ya ce, "Yau an kai ni ƙara a kan kaza." Har yanzu in na tuna yadda ya faɗi maganar nan sai zuciyata ta yi zafi. Mai unguwa shi kam ya yi adalci, ya ce a matsar da akurkin, a zauna lafiya. Ita kuwa ba ta bar maganar nan ba. A gidan suna, mata cike da tsakar gida, ta ɗaga murya tana cewa wasu sun kwaso ƙauye sun kawo mana birni, saura jaki. Aka kwashe da dariya. Ni da nake riƙe da farantin shinkafa na rasa inda zan sa fuskata. Kuma fa su ne masu janareta da ke ruri har ƙarfe 1 na dare, hayaƙinsa a ɗakin yarana yake sauka, ban taɓa kai ƙarar kowa ba!

Bayan kwana 4 na fito da safe na tarar da shi kwance gefen rijiya, ƙafa ɗaya ta karye tana reto, ga gutsuren bulo a gefensa. Ban ga wanda ya jefo ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba, amma bulo ba ya tsallake katanga da kansa. Na zauna a ƙasa na ɗora shi a cinya, na samu kara na tsaga biyu na ɗaure ƙafar da tsumma, ina yi ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Autana yana tsaye yana tambayata ko zakaran Inna zai mutu. Kwana 3 bai yi cara ba. Ran da ya sake yi, muryar a shaƙe, sai da na yi hamdala.

Ki yi haƙuri, na yi nisa. Abin da ya yi mini aiki daga baya shi ne duhu da nisa. Da Magariba ta yi sai in kama shi in kifa masa kwando a cikin sito, can ɓangaren da ba ya jikin katangar kowa, in yafa tsohon buhu a sama in bar gefe ɗaya a buɗe. Kwandon ya zama gajere kaɗan, don zakara sai ya miƙe wuya yake sakin murya sosai. Ba ya dainawa fa, amma ƙarar na raguwa ƙwarai, bango ya shanye saura. Ba na sakinsa sai wajen 7, lokacin yara na shirin makaranta, masu adaidaita sun fara zirga-zirga. Don Allah ki kula da iska, zafin Kano daga Maris zuwa Mayu ba wasa ba ne, kada ki toshe shi a kwali ki wayi gari da mushe. Abin wuyan nan kuma da ake tallarsa a intanet, wanda ake ɗaure musu a maƙogwaro, ni ban yarda da shi ba. In ya matse kaɗan tsaba ba ta wucewa, ya shaƙe a banza.

Ki duba ko akwai fitilar sola ko ƙwan waje da ke haska akurkin. Ƙanina da ya karanci kiwon dabbobi ya gaya mini wasu masana a jami'ar Nagoya ta Japan sun gwada a 2013, suka ga agogon cara a jikin zakara yake, kusan awa 2 kafin wayewar gari yake farawa, ko an ajiye shi inda ba ya ganin ketowar alfijir. Amma haske da jin carar wani suna ƙara zuga shi. Shi ya sa in zakara biyu gare ki, ki rabu da ɗaya yau. Babban ke farawa, na ƙasa su amsa, su kwana suna gasa. 'Yan samarin ma da sun kai wata 4 zuwa 5 za su fara gwada murya, ni tun kafin nan nake kai su wajen 'yan kaji ko su shiga tukunya.

Na san za a zo a kawo miki hadisin da ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane sallah. Gaskiya ne, ni ma shi na riƙa kafa hujja da shi. Malamar Islamiyyarmu ce ta tuna mini cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Daga baya kuma na ji ashe surukar matar nan ce kwance a ɗakin da hawan jini, in ta farka ba ta komawa barci. Da a ce maƙwabciyar ta shigo ta gaya mini haka, wallahi a daren zan ɗauke akurkin. Wannan na gane. Ƙafar ce dai har yau ban gama yafewa ba, Allah ya yafe mini.

Taki maƙwabciyar ai ta fi tawa, tunda ta aiko. Kada ki jira aike na uku. Ki saka hijabinki ki shiga da kanki, ki ba ta haƙuri, ki tambaye ta wane ɗaki ne ƙarar ta fi damu, ki ce ta ba ki mako guda ki gwada. Ki riƙa share kashin kajin kullum kina barbaɗa toka, don in damina ta sauka wari ya haɗu da cara, maganar duba-gari za a fara.

In duk an yi bai yiwu ba, ki sani kaji na yin ƙwai ko babu zakara, ƙyanƙyasa ce kawai ba za a samu ba. In ita kike so, ki ari zakara ya yi kwana 3 ko 4 da su da rana, ƙwan da za su saka har wajen kwana 10 bayan nan zai yi, kaza ta kwanta kwana 21 ki ga tsakinki. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Haka nake yi yanzu, nawa yana Bichi wajen yayana, yana ɗingishi yana korar zakarun unguwa.

Ba ki faɗa mana ba, gidan naku ne ko haya kuke? In haya ne, ki yi sauri kafin maganar ta kai kunnen mai gidan.