Doctor Who: daga ina zan fara, ga masoya na ta gardama?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara kallon Doctor Who, shirin talabijin na ƙagaggen labarin kimiyya na Birtaniya, amma wasu na cewa sabon ya ɓata tsohon, har ka rasa ta inda za ka kama.

Gardamar nan ta daɗe. BBC ta fara shirin a 1963, ta dakatar a 1989, sai marubuci Russell T Davies ya farfaɗo da shi a 2005, da Christopher Eccleston a matsayin Doctor, wato jarumin shirin. Tsofaffin masoya sun saba da labari guda a rarraba shi kashi huɗu ko shida, kowanne kamar minti 25, ana tafiya sannu a hankali. Sabon ya zo da minti 45, da sauri, ga sha'anin iyali da ƙauna. Dole wasu su ji baƙunta. Kuma tun 1966 ake sauya mai fitowa a matsayin Doctor, kowane sauyi da ƙorafinsa. Da aka sanar da Jodie Whittaker a 2017, mace ta farko, hayaniyar ta ƙaru. Ni dai ina ganin yawanci kewar wanda aka saba da shi ce.

Fara da "Rose", kashi na farko na sabon shirin na 2005, don an shirya shi ne domin sababbin masu kallo. Kada ka fara da na 1963: hotonsa baƙi da fari ne, kuma kashi da dama sun ɓace saboda BBC ta goge faya-fayan. Ka kuma guji sharhin Facebook kafin ka kalla, za a tona maka ƙarshen labari.

In da yara za ku kalla, duba ƙimar shekarun da hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, BBFC, ta sa. Misali, kashin da ake kira "Blink" na da ban tsoro sosai.